Bashin da Hannun Hagu Ke Bin Masu Fiyano

 Masu sauraro, yau za mu huta da zancen farashin mai da na 'yan majalisa. Sharhin namu a kan yatsu biyar zai tsaya, na hannun hagu, da yadda mai kaɗa fiyano ke raba musu aiki idan ya zo inda hannu ba ya son zama. Wanda ke ganin wannan ba huruminsa ba ne, ya ɗan dakata kada ya murɗa akwatin tukuna. Muddin kana da hannun hagu akwai rabonka a ciki, ka samu tebur ko cinyarka ka ɗora shi. Direbobi kuwa ku riƙe sitiyarinku, kunne kawai muke roƙo.

Wata Asabar da la'asar na je Utako karɓar saƙo a ɗaya daga cikin tashoshin manyan motocin nan masu zuwa kudu. Aka ce motar saura awa guda ta iso, ni kuwa na san awa gudan tasha, sai na nemi benci na zauna ina kallon masu lodi. Can sai ga kiɗa yana saukowa daga wani bene a bayan tashar. Matasa ne ke gwaji, da ganga da jita da fiyano, da wata yarinya mai murya kamar sarewa. Kiɗan yana tafiya sumul, amma duk sanda aka zo wata gaɓa sai fiyanon ya yi tuntuɓe, ya makara da abin da bai wuce ƙiftawar ido ba, sannan ya kamo sauran da gudu. Sau huɗu ina ji, kuma a wuri guda. Tsohuwar cuta ta motsa, domin ina saurayi na yi shekara uku ina zama kusa da wani dattijo mai kaɗa ogan a Wusasa ta Zariya. Na tashi na hau benen.

Bayan mun gaisa na ce da mai fiyanon, "Ɗana, hannun hagun ne ke maka gardama?"

Ya yi dariyar jin kunya ya ce, "Baba, har ƙasa ake ji?"

Ashe an ɗauke su kiɗan liyafar aure ne a wani otal, kuma fiyanon wurin na katako ne, irin mai wayoyi da 'yan gudumomi a ciki. Ita kuma mawaƙiyar, muryarta a ki ɗin E filat ta zauna, wato matakin da waƙarta ke tafiya a kai. Shi kuwa shekararsa shida yana kiɗa, duk a F shaf. In mawaƙi ya hau sama ko ya sauko, sai ya latsa maɓallin sauya ki, na'ura ta yi masa dakon sauran. Na katako ba shi da wannan maɓalli. Ranar wanka ta zo, cibi ya fito.

Kada wani ya yi wa yaron nan dariya, don ba shi kaɗai ba ne. Ka zaga majami'un Utako da Jabi da Wuse ranar Lahadi, ka leƙa situdiyoyin Kano ranar Litinin, za ka tarar da irinsa da yawa, kuma wasunsu gwanaye ne na gasken gaske. Dalilin da ya sa F shaf ke jan masu koyo da kunne a fili yake. Baƙaƙen maɓallan nan, biyu da uku, biyu da uku, muryoyi biyar suke bayarwa, kuma akasarin karin waƙoƙinmu na gargajiya a kan matakala biyar yake tafiya. Yaro zai ɗora hannu a kan baƙaƙen kawai ya ji waƙar da kakarsa ke yi wajen daka ta fito da kanta. Har a Amurka an yi haka: Irving Berlin, wanda ya tsara ɗaruruwan waƙoƙi, kusan a F shaf kaɗai yake kiɗa, yana da wani fiyano na musamman mai mariƙin da ake ja ya sauya masa ki.

Fiyanon da Bahaushe ya sani ma ai ba jikan wancan na katako ba ne kai tsaye, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro a Italiya wajen shekarar 1700, wanda a yau yake da maɓalli 88, farare 52 baƙaƙe 36. Namu na lantarki ne, yawanci mai maɓalli 61, wanda yaro zai saɓa a kafaɗa ya hau mota da shi. A Nijar, tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset a Yamai da wani ogan na lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, kuma shekara da shekaru kiɗansa ne ke raba shirye-shirye a rediyo da talabijin na ƙasar. A wannan ɓangaren kuwa, ta ƙofar finafinan Kano fiyano ya shigo da ƙarfinsa a shekarun 1990. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa kan yadda situdiyon Iyan-Tama da ire-irensa suka rungumi Yamaha samfurin PSR, da yadda kiɗan fim ɗin Sangaya ya sa kowa ya koma neman wannan sauti. To, ita wannan na'ura tana da wata alfarma da take yi wa hannun hagu. Ka danna maɓalli ɗaya tak a ɓangaren hagu, ta cika maka kod gaba ɗayansa, wato muryoyin nan uku ko huɗu da ake haɗawa lokaci guda su tallafi waƙa, ta kuma ƙara maka ganga da bes kyauta. Ka haɗa da baƙin maɓallin da ke hagunsa, ta juya kod ɗin ya koma mai sanyin nan da makaɗa ke kira maina. Yatsa ɗaya, ko biyu in an matsa, ka zama ƙungiya guda.

Ni ban ga laifin wannan ba. Ya ciyar da gidaje, ya aurar da samari, ya ba wanda bai taɓa shiga ajin kiɗa ba damar fitar da abin da ke ransa. Sai dai bashi ne aka ci, kuma hannun hagu ne ke bi.

Da ma can mu mutane ne masu wulaƙanta hagu. Ba a ci da shi, ba a miƙa kuɗi da shi, ba a nuna babba da shi. Yaron da ya taso bahago ya sha ranƙwashi kafin ya iya riƙe cokali da dama. Amma ku dubi makaɗanmu na gargajiya. Mai kukuma, irin su Garba Supa da Hassan Wayam, hannun dama izga kawai yake ja, yatsun hagu ne ke taɓa tsirkiya su fitar da karin. Gurmin Haruna Uji haka yake. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, tsirkiya ɗaya ce tal, hagu ne ke yanke mata inda za ta yi magana. Mai kalangu kuwa, da damtsen hagu yake matse tsirkiyoyi ya saki, shi ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum. A kiɗan Hausa, hagu ne mai harshe tun fil azal. Sai da na'ura ta zo muka mai da shi ɗan aike.

Yanzu bari mu shiga aikin. Masu fiyano lamba suke ba yatsu: babban yatsa 1, manuni 2, na tsakiya 3, na zobe 4, ɗan auta 5. A hannun hagu, ɗan autan ne ke can ƙasa wajen muryoyi masu kauri, babban yatsa yana sama kusa da waƙa. Ku lura da wannan rabo na rashin adalci: yatsan da ya fi kowa ƙanƙanta shi aka ɗora wa harsashin gini.

Abin da ake fara koya wa kowa shi ne do, mi, so da 5, 3, 1. Daidai ne. Matsalar ita ce mutane da yawa sun tsaya a nan, sun mai da hannunsu kamar hatimi, duk kod ɗin da ya zo sai su ɗaga hannun gaba ɗaya su buga masa 5, 3, 1. Abin da yaron nan na Utako ke yi ke nan. Daga E filat zai ɗauke hannu ya yi tsalle zuwa A filat, ya sake ɗaukewa zuwa B filat. A F shaf ya saba da nisan, hannu na zuwa ko da ido a rufe. A nan kuwa sai ya duba, kuma dubawar nan ita ce tuntuɓen da nake ji daga tasha.

Abu na farko da na gyara masa ma bai shafi yatsa ba. Hannunsa yana bakin maɓallai, can gefe kusa da cikinsa, sai yana karkatar da wuyan hannu don babban yatsa ya kai ga baƙin maɓalli. Na ce masa ya tura hannun gaba ɗaya ciki, wajen jikin fiyanon. Kod ɗin E filat, ƙasansa baƙi ne, samansa baƙi ne, kuma gajerun yatsu biyu ne za su hau su. Tunda baƙaƙen ba za su sauko ba, hannu ne zai je musu. Na tsakiya sai ya shiga lungun da ke tsakanin baƙaƙe biyu ya danna G a can. Mai kaurin yatsu zai ji matsi a lungun nan, shi sai ya ɗan ja yatsan baya ya lanƙwasa shi ya danna a gaban lungun. Da ya tura hannun, wuyan hannunsa ya miƙe, kafaɗarsa da ta ɗage ta sauka. Rabin kod ɗin da ake cewa yana da wuya, zaman hannu ne bai yi daidai ba.

Sannan na ja shi taga na nuna masa masu lodi. Motar da za ta Legas ta Lokoja da Okene, mai lodin da ya san aikinsa ba ya fara jefa kaya sai ya tambayi inda kowane buhu zai sauka. Kayan Lokoja ba a danne su da na Legas. Wurin da buhu zai zauna a Utako, tashar gaba ce ke yanke shi. To haka yatsa yake. Kod ɗin da kake kai ba shi ke zaɓar yatsan da za ka sa masa ba, wanda ke biye da shi ne. Wannan ita ce maganar da na zo da ita yau, sauran duk bayaninta ne.

Ga yadda muka yi da kod ukun nan nasa, kuma mai fiyano a kusa ya gwada. E filat, G, B filat, da 5, 3, 1. Za a tafi A filat. Maimakon tsalle, ɗan auta ya zauna inda yake, domin E filat tana cikin kod ɗin A filat ita ma. Manuni ya sauka kan A filat, babban yatsa ya matsa kan C. Ya zama 5, 2, 1. Za a tafi B filat. Yanzu manuni ne zai zauna daram a kan A filat ɗinsa, ɗan auta ya zame ƙasa kaɗan zuwa D, babban yatsa ya koma B filat. Za a dawo gida. Wannan karon babban yatsa ne ba zai motsa ba, ɗan auta ya hau E filat, na tsakiya ya koma G. Kun ga abin da ya faru? A kowace tafiya akwai yatsa ɗaya da ya zama turke, sauran suna kewaya shi. Hannun bai matsa ko da faɗin yatsa biyu ba, kuma ido ya samu 'yancin kallon mawaƙiya. Yaron ya maimaita sau uku, ya ɗago ya ce, "Baba, ai wannan ya fi F shaf ɗin ma sauƙi." Ban ce masa e ba, don na san akwai sauran rina a kaba.

Wani misalin da ya fi nuna maganar lodi shi ne irin kiɗan da hagu ke buga murya mai kauri a ƙasa, ya hau sama ya buga kod, ya sake komawa ƙasa, kamar mai ɗaukar ruwa daga rijiya zuwa randa. In ka buga kod ɗin sama da 5, 3, 1, ka ɗaure ɗan auta, alhali shi ne za a aika ƙasa nan take. Sai ka buga da 4, 2, 1, ka bar ɗan auta a sake yana fuskantar inda za shi. Kod ɗin bai canza ba, do, mi, so ne dai. Abin da ke gabansa ne ya canza masa yatsu.

Da na ambaci na zobe, na san akwai masu ɓata fuska. Kowa gudunsa yake, wai rago ne. Ku yi wannan gwajin yanzu. Ku kifa hannu a kan tebur, ku lanƙwashe yatsan tsakiya ya shige ƙarƙashin tafin hannu, sauran huɗun kan su na taɓa tebur. Ɗaga babban yatsa. Ya ɗagu. Manuni, ya ɗagu. Ɗan auta, ya ɗagu. To ɗaga na zobe. Ya ƙi, ko? Ba lalaci ba ne. Jijiyar da ke ɗaga shi a bayan hannu a sarƙe take da ta maƙwabtansa, haka Allah ya halicce shi. Amma rashin iya ɗaguwa shi kaɗai bai hana shi dannawa tare da 'yan'uwansa ba, kuma a kod dannawa tare ake bukata. Ɗauki kod mai murya huɗu, mi, so, do, mi. Wanda ke gudun na zobe zai sa 5, 3, 2, 1, sai ya tarar ya buɗe tsakanin na tsakiya da manuni fiye da kima, bayan hannu ya ɗaure tamau. Sa 5, 4, 2, 1 ka ji yadda hannu zai kwanta. In kuwa kod ɗin so, do, mi, so ne, babban giɓin ya koma ƙasa, a nan 5, 3, 2, 1 ne daidai. Dattijon nan na Wusasa cewa yake, kafin ka sa hannu ka fara neman inda ramin yake, sannan ka ga waɗanne yatsu ne za su iya tsallake shi ba tare da sun yage ba. Mafi faɗin tsallake a hannun ɗan Adam yana tsakanin babban yatsa da manuni. Mafi ƙunci yana tsakanin na tsakiya da na zobe.

Akwai kuma wata doka da wasu malamai ke kafawa kamar an saukar da ita, wai babban yatsa ba ya hawa baƙin maɓalli. A gudun matakala tana da amfani. A kod kuwa ba ta da wurin zama, mun ga haka a E filat. Dokokin yatsu duk mutane ne suka yi su, kuma sun sha canzawa. Akwai zamanin da a Turai da kyar ake amfani da babban yatsa ma sam, yana rataye a gefe kamar baƙo. Johann Sebastian Bach na cikin waɗanda suka shigo da shi aiki sosai, ɗansa Carl Philipp Emanuel ya rubuta littafi a 1753 ya ba shi matsayinsa. Chopin ya zo ya hau da shi kan baƙaƙe ba tare da neman izinin kowa ba, kuma ɗalibansa ba da ki ɗin C yake fara musu ba, da B yake farawa, don a nan dogayen yatsu ke hawa baƙaƙe gajeru su zauna a farare, yadda hannu yake a halittarsa. Debussy kuwa, da ya tsara darussansa goma sha biyu a 1915, da gangan ya ƙi rubuta lambar yatsa ko ɗaya, ya bar kowa ya nemi nasa. Saboda haka lambobin da ka gani a littafi, ka girmama su, ka fara gwada su, amma ka tuna da hannun wani aka auna.

Mu zo kan inda ake jin ciwo, wato kod ɗin da ya fi taƙin hannunka. Daga do zuwa do na sama, a fiyanon katako, kimanin santimita 16 da rabi ne. Yawancin manya suna kaiwa. Amma masu kiɗan coci da na jaz suna son wani buɗaɗɗen kod, do a ƙasa, so a tsakiya, mi can sama da do na biyu, da 5, 2, 1. Suna da hujja, domin a can ƙasa inda muryoyi ke da kauri, in ka cusa do, mi, so kusa da juna sai sautin ya dagule kamar kunun da ya yi gudaji, in ka baza su sai ya washe. Sai dai faɗinsa ya kai santimita 21. Ana ba da labarin Rachmaninoff na Rasha cewa hagunsa na kamawa daga do har so na sama da do na biyu. Allah ya ba shi. Kai da ba a ba ka ba, kada ka ce sai ka ja jijiya ta miƙe. Robert Schumann na Jamus ya so zama gwanin fiyano, hannunsa na dama ya lalace a farkon shekarun 1830, kuma ana danganta abin da wata na'ura da ya riƙa ɗaure yatsunsa da ita don su yi ƙarfi. Ya koma tsara kiɗa, matarsa Clara ce ta riƙa kaɗawa. Josef Hofmann kuwa, da yake hannunsa ƙarami ne, kamfanin Steinway ne ya ƙera masa fiyano mai ƙananan maɓallai. Mu da ba mu da Steinway, dabara ce tamu.

Dabarun kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Ka mirgina kod ɗin daga ƙasa zuwa sama da sauri, ɗan auta ya buga ya saki, fedar da ake takawa da ƙafa ta riƙe masa sautin, hannu ya juya a kan manuni ya kai babban yatsa. Ko ka duba hannun dama, sau da yawa babban yatsansa yana zaune ba aikin fari ba na baƙi a daidai wurin, ka ba shi muryar saman, babu wanda zai ji bambanci. In farare biyu suna maƙwabtaka a saman kod, kamar C da D, babban yatsa ɗaya ya kwanta a kansu duka. In duk wannan bai yi ba, ka zubar da murya ɗaya. So ce ta fi sauƙin zubarwa, kod ba ya rasa kamanninsa don babu ita. Mu ma da muka yi B filat ɗin nan ɗazu, mun yar da F ba wanda ya yi cigiya. In kuma akwai mai bes a ƙungiyar, to shi ke riƙe da do ɗin ƙasa, kai me ya kai ka? Bill Evans da sauran masu jaz na Amurka a kan wannan suka gina salon hagunsu.

Na san akwai malaman da za su ce wannan ha'inci ne, abin da aka rubuta shi za a kaɗa. Ga mai shirin jarrabawar kiɗan Turawa, ko ɗalibin makarantar MUSON da ke Legas, suna da gaskiya, ya bi takarda iyakar iyawarsa. Amma a dandalin biki da cikin majami'a ina da ra'ayi, kuma ba zan ɓoye ba. Kiɗanmu bugu ne ke riƙe da shi. Marigayi Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa ɗan Afirka na iya kama fiyano kamar yadda yake kama ganga, haka ma Joshua Uzoigwe da ya tsara wa fiyano kiɗan da ya raɗa wa sunan ganguna masu magana. Ka zubar da murya ɗaya daga cikin huɗu, a ɗakin taro mai mutum 300 da wuya a samu biyu da za su lura. Ka makara da bugu ɗaya, tsohuwar da ke rawa a layin baya ma sai ta juyo ta harare ka.

Kuma kada a ɗauka hagu bara yake yi a wajen dama. Paul Wittgenstein, ɗan Austiriya, ya rasa hannunsa na dama a yaƙin duniya na farko a 1914. Bai bar fiyano ba. Ya biya manyan masu tsara kiɗa suka rubuta masa na hagu zalla, cikinsu har da Maurice Ravel na Faransa, wanda aka fara kaɗa nasa a birnin Biyana a watan Janairun 1932. Wanda ya saurara ido a rufe zai rantse hannu biyu ne. Akwai sirri a nan: a hagu, babban yatsa mai ƙarfi yana sama inda waƙa take, sauran huɗun suna ƙasa suna yi masa rakiya. Shi ya sa kiɗan da aka rubuta wa hagu kaɗai ya ninka wanda aka rubuta wa dama kaɗai nesa ba kusa ba.

Kafin in sauko daga benen na tambayi yaron ko yana da fensir. Babu. Mai ganga ya ara masa biro, na ce a'a, fensir, domin abin da ka zaɓa yau wataƙila jibi ka goge. Aka aika ƙasa wajen mai shago aka sayo. Ba ya karanta rubutun kiɗa, da do re mi yake aiki kamar yawancin 'yan'uwansa, to a ƙarƙashin kowane kod a takardarsa muka rubuta lambobi uku. Na ce ya gwada hanya biyu ko uku a hankali, sannan ya gwada su da saurin da za a yi waƙar, domin akwai yatsun da ke da daɗi a tafiyar hawainiya su watse in an sa gudu. Wadda ta tsira, ita zai riƙe, kada ya sake canzawa kafin bikin. Hannu ba ya haddace abin da ake sauya masa kullum. In kuma ya ji zafi a wuyan hannu ko wani zugi na hawa damtse, ya tashi ya sha iska, ba jarumta ba ce.

Mawaƙiyar ta ce, "Baba, ba za ka zauna ka ji mu sau ɗaya ba?" Na ce daga ƙasa na fi ji.

Na tarar motar ta iso, saƙona kuwa yana can ƙarƙashin buhunan garin rogo da jarkokin manja, sai da aka sauke kusan rabin kayan kafin a kai gare shi. Ina tsaye ina jira, kiɗan ya sake tashi daga sama. Aka zo gaɓar nan, ya wuce. Aka sake zuwa, ya wuce. A zagaye na uku mawaƙiyar ta ɗaga waƙar zuwa ki na gaba, kamar yadda suke yi in waƙa ta yi daɗi, sai na ji fiyanon ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan wata murya ta leƙo ta taga tana kira, "Baba! Baba, kana nan?"

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu taɓa zancen feda, da masu taka ta kamar totur.